A Ba Mu Gawayin Murhu Kafin A Yi Mana Alkawarin Fetur Daga Kwal

Yau muna so mu tattauna wata magana da kan taso a tashar mota da teburin mai shayi, tun daga nan Gangara zuwa Gazawa da Agye har can Gidan Runji, duk lokacin da fetur ya yi wuya ko wuta ta ɗauke. Maganar kuwa ita ce, tunda Allah Ya albarkaci Nijar da gawayin ƙasa, wato kwal, kuma an ce a wasu ƙasashe ana gasa shi a tatsi mai da kwalta daga jikinsa, me zai hana mu ma a yi mana haka, mu huta da bin layi a gidan mai da jiran jarkokin da ke ƙetaro iyaka?

Za mu faɗi ra'ayinmu tun daga farko don kada mu ja mai karatu da nisa. Gaskiya ne ana fitar da mai da kwalta daga kwal, an kuma fi shekara 150 ana yin haka. To amma a ganinmu, abin da ya kamata mu 'yan kasuwa mu matsa wa hukuma a kansa shi ne gawayin girki da ke saura bayan an gasa kwal ɗin, a ga ya iso kasuwanninmu a farashin da bai kai na itace ba. Man da kwaltar su zo a matsayin rara, a tare su, a sayar, kuɗinsu ya rage mana tsadar buhu. Fetur daga kwal magana ce mai daɗin ji, sai dai Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Bari mu fara da yadda aikin yake, domin kada a yi mana dodorido da manyan kalmomi. Kwal iri-iri ne. Akwai baƙi mai tauri kamar dutse, akwai kuma mai laushi, launinsa ruwan ƙasa, wanda bai gama nuna a cikin ƙasa ba, har wani lokaci akan ga alamun itace a jikinsa. Shi wannan mai laushin idan aka haƙo shi yakan kai kusan rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa ba ya cin wuta sosai, ga hayaƙi, ga wari. Idan ana so a gyara shi sai a busar da shi, a zuba a cikin rufaffen tanderu inda iska ba ta shiga, a ba shi zafi na digiri 500 zuwa 600, alhali ruwan da muke dafa shayi da shi a digiri 100 yake tafasa. Da yake babu iska, kwal ɗin ba ya kamawa da wuta, sai dai ya yi ta fitar da tururi mai kauri. Wannan tururin ake ja ta bututu a sanyaya, sai ya rarrabu. Wani sashe ya zama baƙin mai mai danƙo, wato kwalta, wani ya zama mai marar kauri, wani ya zama ruwa mai ɗoyi, ragowar kuma iskar gas ce da ake mayarwa a hura tanderun da ita. Abin da ya rage a ciki shi ne gasasshen kwal, wanda ke ci da ƙarfi ba tare da hayaƙi mai yawa ba.

Duk wanda ya taɓa ganin masu yin gawayi sun tara itace sun rufe da ƙasa, to ya ga ƙanin wannan aiki. Bambancin kawai shi ne, su hayaƙinsu sama yake tafiya, a masana'anta kuwa kama shi ake yi. Hasali ma kalmar kwalta da muke kiran hanyar mota da ita, daga bakin Turawan Ingila aka aro ta, kuma asalin ma'anarta shi ne baƙin man da ke fita daga kwal, domin kuwa da shi aka riƙa shafe hanyoyi a da. Yau kam abin da ake malala wa hanya daga ɗanyen man fetur ake samunsa, saboda an gano na kwal yana da illa ga lafiyar masu aiki da shi.

Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli za su fi kowa saurin gane lissafin. Idan kika soya gyaɗa, kika kai inji aka markaɗa, kika matse tunkuza, abu biyu kike samu, mai da ƙuli-ƙuli. Ba ki zubar da ko ɗaya, domin kuɗin wannan ne ke rufe ɗawainiyar wancan har riba ta fito. To haka gasa kwal yake, sai dai akwai babban bambanci. Ita gyaɗa kusan rabin nauyin ƙwayarta mai ne. Shi kuwa kwal mai laushi, ko a Jamus inda suke da mai kyau, idan aka gasa kilo 100 na busasshe, kwaltar da ake samu ba ta cika wuce kilo 10 zuwa 15 ba, kuma kafin a samu kilo 100 busasshe sai an haƙo kusan kilo 200. Wato a sha'anin kwal, ƙuli-ƙulin ne babban kaya, man ɗan tsiyaye ne. Bugu da ƙari, ita kwaltar ba a zuba ta a tankin babur haka nan. Sai an sake kai ta wata matatar, an haɗa ta da iskar haidurojin cikin matsanancin zafi da matsi, kafin ta zama fetur ko man dizal, wato gazuwal, kuma wannan matakin shi ne mai lashe kuɗi.

To su wa suka yi wannan aiki, kuma me ya sa su? A tsakiyar ƙasar Jamus, wajen birnin Halle, tun shekarun 1850 wani attajiri mai suna Riebeck da ire-irensa suka kafa tanderu suna gasa kwal mai laushi, suna fitar da man fitila da kakin yin kyandir. Ciniki ya yi musu kyau, har zuwa lokacin da kananzir ɗin Amurka ya fara malalowa Turai bayan an haƙa rijiyar mai a can a shekarar 1859. Daga nan man fitilarsu ya kasa gogayya da shi a farashi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan darasi: idan maƙwabcinka na samun haja da araha fiye da kai, komai kyan taka sai ta kwana a rumfa.

Maganar ta sake ƙarfi ne saboda Jamus ba ta da rijiyoyin mai na kirki. A 1913 wani masani mai suna Bergius ya fito da dabarar mayar da kwal mai ta hanyar haɗa shi da haidurojin, a 1927 kuma aka fara yin fetur daga kwal mai laushi a wata babbar masana'anta a garin Leuna. Lokacin yaƙin duniya na biyu, akasarin man jiragen saman yaƙin Jamus daga kwal ya fito, shi ya sa a 1944 abokan gaba suka yi ta yi wa waɗannan masana'antu ruwan bama-bamai. Bayan yaƙi, Jamus ta Gabas ta ci gaba da gasa kwal a Espenhain, kusa da birnin Leipzig. Wani ƙauye mai suna Molbis, wanda iska ke kai wa hayaƙin masana'antar, ya yi ƙaurin suna a matsayin ƙauyen da ya fi ko'ina ƙazanta a Turai, inda yara suka yi ta fama da tari da ciwon fata. A 1990, shekarar da Jamus biyu suka haɗe, aka rufe tanderun, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

A nahiyarmu ma akwai misali. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya fara yin mai daga kwal a 1955, ta wata dabarar daban inda ake mayar da kwal ɗin gas tukuna. An faɗaɗa aikin a garin Secunda a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙasashen duniya ke ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata suna hana ta mai. Idan muka duba da kyau za mu ga abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan ƙasashe. Tilas ce ta sa su, ko ta yaƙi, ko ta takunkumi, kuma dukansu ba su da rijiyoyin mai da za su wadace su.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce a nan, kuma suna da hujja. Za su ce ai mu ma mun ɗanɗana tilas ɗin. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo kwalbar fetur ɗin 'yan ruwa-ruwa ta tashi, kuɗin kabu-kabu da na motar kasuwa suka bi ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na wannan shekarar aka rufe iyaka, a watan Agusta kuma Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sani, tunda layin wutar da ke fitowa daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Masu ƙanƙara da ruwan sanyi, masu injin niƙa da masu walda sun ji a jikinsu har zuwa watan Maris na 2024 da aka maido da wutar. A watan Maris na 2025 kuma aka yi ƙarancin fetur, mutane suka kwana a layi a gidajen mai. Wanda ya ga wannan duka ya ce a nemi abin dogaro na cikin gida, ba mu ga laifinsa ba.

Sai dai fa Nijar ba Jamus ba ce, domin Allah Ya ba ta ɗanyen mai a Agadem. Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 a rana. An kuma shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin, inda jirgin ruwa na farko ya ɗauki man Nijar a watan Mayu na 2024. Ƙasar da ke tura ɗanyen mai zuwa teku, idan fetur ya gaza mata a gida, maganinta shi ne ta ƙara ƙarfin tacewa, ta kuma tanadi wuraren ajiya. Mai rijiya a tsakar gida ba ya matse jiƙaƙƙen tsumma don ya samu ruwan sha. Kuɗin da za a zuba wajen gina matatar mayar da kwalta fetur, bashi ne da mu da 'ya'yanmu za mu biya ta haraji da kuɗin rumfa, a kan abin da muke da hanyar samu mai sauƙi.

Abin da ba mu da madadinsa na kirki shi ne itace. A karkarar jihar Maraɗi, fiye da gidaje tara cikin goma da itace da kara da kashin shanu suke girki. Ki tambayi kanki, Hajiya, nawa kike kashewa a kan itace kafin ki sauke ƙosai ko waina ko awara, sa'an nan ki tuna girman ƙullin da ake ba ki a kan wannan kuɗin shekara goma da suka wuce. Mai tsire da mai balangu, mai gidan burodi, mai dafa shinkafa da wake a bakin tasha, da mai suyar ƙuli-ƙuli, kowa ribarsa a cikin murhu take ƙonewa. Da damina kuwa, idan itace ya jiƙe, ga tsada ga hayaƙi, idanu na hawaye, yaron da ke goye yana shaƙa. Yara mata da yawa sun makara makaranta saboda neman kara, kuma karan da aka kwashe daga gona aka ƙona, taki ne aka hana ƙasa.

Daɗin daɗawa, mutanen wannan yanki sun sha wahala kafin su maido da itatuwansu. Tun shekarun 1980, bayan fari ya share daji, manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan wannan aiki, har baƙi daga wasu ƙasashe kan zo su gani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo da kalgo da aduwa da muke gani a gonakinmu yau, gumin iyayenmu ne. To amma jama'a na ƙaruwa, garuruwa na faɗaɗa, kuma kowace tukunya da aka ɗora a birni, gatari ne a ƙauye. Ba zai yiwu mu riƙa dasa itace ranar 3 ga Agusta, sauran kwanakin shekara kuma amalanke na kwasar itace zuwa gari ba.

Hukuma ta daɗe da sanin wannan matsala. Tun 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, kuma daga farkon shekarun 1980 tashar wutarsa ke ba da lantarki ga ma'adinan yuraniyom na Arlit da garin Agadas. A 2004, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka kafa wani kamfanin mai suna SNCC domin ya riƙa gasa wannan kwal ya zama na girki a gidaje, saboda a rage sarar itace. Ashe ke nan gasa kwal ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Amma yau shekara ashirin da ɗoriya, mace nawa ce a kasuwannin ƙauyukanmu ta taɓa ɗora tukunya a kansa?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Daga Cirozerin zuwa Gazawa tafiya ce ta fiye da kilomita 600, saboda haka kafin buhu ya iso, kuɗin mota ya hau kansa. Kwal ɗin Anu Araren yana da toka da yawa, yana da wuyar kamawa, kuma yana buƙatar murhu na musamman mai jure zafi da wurin shigar iska. Babban dalilin kuwa shi ne rashin tabbas. Babu mai tuyar da za ta cire jarinta ta sayi sabon murhu alhali ba ta da tabbacin cewa mako mai zuwa za ta samu gawayin a kusa. Itace kuwa, komai tsadarsa, kullum yana bakin ƙofa.

Wannan ne ya sa idonmu yake kan Salkadamna, wani wuri da ke wajen kilomita 80 arewa maso yamma da Tawa, inda aka gano kwal mai yawa, irin mai laushin nan da muka yi bayani. A 2014 shugaba Issoufou Mahamadou ya aza harsashin aikin, wanda aka ce zai ƙunshi mahaƙa, da tashar wuta mai ƙarfin megawat 600, da masana'antar dunƙula gawayin girki. Shekara goma suka cika a 2024 ba tare da tashar ta ba da wuta ba. Salkadamna ta fi kusa da mu, domin daga Tawa mota za ta faɗo babbar hanya ta bi ta Madawa, Gidan Runji, Maraɗi, Agye har Gazawa. Tsoronmu shi ne, kamar yadda aka saba, babban aikin ya danne ƙaramin, a yi ta maganar megawat da biliyoyi, a bar masana'antar gawayin girki a matsayin wutsiya, wadda ba za a waiwaye ta ba sai an gama komai.

Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba mu yi, don kada a ce mun tallata haja mun ɓoye aibinta. Ruwan nan mai ɗoyi da ke fita wajen gasa kwal yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira fenol, wanda ko kaɗan ne ya shiga rijiya ya ɓata ta. Ita kanta kwaltar, likitoci sun tabbatar cewa daɗewa ana taɓa ta ko shaƙar tururinta na jawo cutar daji. Idan aka gina tanderu na arha wanda ba ya kama tururin, to an mayar da ƙauyukan da ke kewaye da shi wani Molbis ɗin ke nan, kuma makiyaya da manoman Adar 'yan'uwanmu ne, ba za mu so a sauƙaƙa mana girki da lafiyar 'ya'yansu ba. Mu mutanen Maraɗi ba sai an ba mu labarin illar rashin gwaji ba. A Tibiri, cikin ƙasar Gidan Runji, rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 tana da sinadarin fulorayid fiye da kima, aka yi shekara da shekaru ana sha kafin a farga, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Gwajin da za a yi cikin kwana kaɗan da ya hana wannan bala'i.

A cikin gida ma akwai hattara. Gasasshen kwal ba shi da hayaƙi sosai, amma kamar gawayin itace yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barci idan ɗaki a rufe yake. A ƙasar Mongoliya, a 2019 gwamnati ta hana ƙona ɗanyen kwal a babban birninta, ta kawo dunƙulallen gawayi a madadinsa. Hayaƙin gari ya ragu, amma a farkon sanyin wannan shekarar mutane sun mutu a ɗakunansu saboda wannan iskar. Mu da muke shigar da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu, wannan gargaɗi namu ne. Haka kuma kwal mai laushi idan ya bushe aka jibge shi da yawa yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, don haka duk wanda zai ajiye shi a sito kusa da rumfunan zana da buhunan aya, dole a koya masa yadda ake ajiya.

Wasu za su ce me ya sa ba za a bar maganar kwal gaba ɗaya a koma gas ba, tunda matatar Damagaram na fitar da shi. Mun yarda gas ya fi tsafta, kuma duk matar da ke da halin sayen tukunyarsa ta saya. Amma mun san kuɗin tukunyar farko, mun san nisan wurin cikawa daga ƙauye, mun kuma san girman tukunyar mai abincin biki ko ta makarantar kwana. Wasu kuma za su ce talakan da ke tsinto kara kyauta ba zai sayi kwal ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba shi muke nufi da farko ba. Waɗanda muke nufi su ne masu sayen itace da kuɗi kullum, wato masu tuya, gidajen burodi, mahauta, makarantun kwana, barikoki da gidajen yari. Idan waɗannan suka sauka daga kan itace, gatari zai huta, shi ma talakan ya samu sauƙin abin da yake tsintowa.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, a ware masana'antar gawayin girki daga babbar tashar wuta, a fara da ita, tunda ƙaramin jari take buƙata idan aka kwatanta. Na biyu, kafin a gina tanderu a gwada kwal ɗin, a bayyana wa jama'a sakamakon a gidajen rediyo da Hausa: ruwansa nawa, tokarsa nawa, farar wutar da ke cikinsa nawa, kwalta nawa yake bayarwa. Na uku, kada a yarda da kowane tanderun da ba ya kama kwalta da mai da ruwan ɗoyi. Kwaltar tana da masu saye, domin ana ƙona ta a manyan tanderun masana'antu, ana kuma fitar da maganin gara na shafa wa katako daga cikinta, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa kuɗinta zai shiga rage farashin gawayin girki.

Na huɗu, a buɗe wuraren ajiya a Gidan Runji, Maraɗi, Agye da Gazawa, a riƙa ƙulla gawayin a ƙananan ledoji da tiya-tiya, yadda mai jarin jika ɗaya za ta iya saye. A ba ƙungiyoyin mata dillanci, musamman irin na asusun Mata Masu Dubara da aka faro a jihar nan tun 1991, domin sun nuna sun iya riƙon amana da lissafi. Na biyar, a koya wa maƙeranmu da maginan tukwane yin murhun da ya dace, kada a shigo mana da shi daga waje a farashin da ya fi ƙarfinmu. Na shida, kada a manta da masu sana'ar itace da masu amalanke. Su ne suka san kowace mai tuya da ƙofar gidanta, idan aka jawo su cikin cinikin za su zama masu tallarsa, idan kuwa aka ture su gefe za su zama masu kushe shi.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa, da shugabannin mata na kowace kasuwa, da sarakunanmu iyayen ƙasa, cewa duk ranar da wani babba ya zo da maganar kwal, bayan an gama tafi a miƙe cikin ladabi a yi masa tambayoyi. Ranka ya daɗe, yaushe buhun farko zai sauka a Gazawa? Nawa za a sayar mana da kilo, kuma ya fi itace araha? Ina za a kai kwaltar da ruwan ɗoyin, kuma wa zai riƙa gwada rijiyoyin da ke kusa? Idan ya amsa waɗannan, sai mu saurari maganar fetur in ma akwai ta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani talaka, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.